Ɗaki mai rufin kwano a Mabera: yadda aka zaɓa tsakanin Ryzen 7 9800X3D da Core i9-14900K

Lamarin na wasu 'yan'uwa biyu ne mazauna unguwar Mabera a Sakkwato, wa da ƙane. Ƙanen ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ranakun Asabar da Lahadi kuma yana ɗaukar bidiyon biki da walima, da haka yake riƙe kansa. Wan ɗan kasuwa ne mai kai da kawowa tsakanin Sakkwato da Legas, shi ya yi alkawarin biyan kuɗin kwamfutar tebur da za a haɗa wa yaron daga tushe, don wasa da kuma tace bidiyo. An riga an sayi katin hoto, RTX 4070 Super, da allo mai 1440p wanda ke sabunta hoto sau 165 a daƙiƙa. Saura furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da madabod, babban faifan da ake dasa kowane sashe a kai, da ram, ma'ajiyar wucin gadi, su ukun nan kuwa tare suke tafiya, domin da ka zaɓi furosesa ka zaɓar masa mazauninsa a madabod. A nan magana ta tsaya cikin azumin 2025, daidai lokacin da bazara ta fara nuna hali. Da yake haɗa kwamfuta da gyaranta ne sana'ata, sai suka kawo shawarar shagona.

Wan yana son Core i9-14900K na kamfanin Intel. Ya fito a watan Oktoban 2023 a kan dala 589, yana da ƙwayoyin aiki 24, wato sassan da ke yin lissafi a cikinsa, gudunsa na iya kaiwa gigahaz 6.0, kuma a lokacin da ake wannan magana farashinsa ya sauko sosai daga yadda ya fito. Ƙanen shi kuma ransa na kan Ryzen 7 9800X3D na AMD, wanda ya fito a Nuwamban 2024 a kan dala 479, da ƙwaya 8 kacal da gudun gigahaz 5.2. Wannan ya yi ƙaranci a kasuwa watannin farko, har ana sayar da shi sama da farashinsa na asali. Saboda haka kuɗin biyun sun yi kusa da juna, kuma da dala tana wajen naira 1,500, duk wanda aka ɗauka za a ji a jika.

Hujjar wan a fili take. «Injiniya,» in ji shi, «ni ban san wanga sha'ani ba, amma na san tara ta ɗara bakwai, ashirin da huɗu kuma ta ɗara takwas. In za a kashe kuɗɗi, a kashe su ga babba.» Ƙanen ya ce, «Yaya, wurin wasa wanga ƙaramin shi ka gaba, kowa haka shika cewa.» Ya tsaya nan, don bai iya bayyana dalili ba, ya dai gani a YouTube.

Dalilin kuwa ga shi. Cikin ƙwayoyi 24 na i9, takwas ne manya masu ƙarfi, sauran 16 ƙanana ne da aka yi domin ayyukan da ake iya rarrabawa. Wasan kwamfuta ba ya rarrabuwa haka. Yawancin wasanni ƙwaya shida zuwa takwas suke mora da gaske, kuma abin da ya fi ci musu lokaci shi ne jiran bayanai su iso daga ram. Kowane furosesa yana da 'yar ma'ajiya a jikinsa inda yake ajiye bayanan da yake yawan buƙata. Ta i9 megabait 36 ce, ta 9800X3D megabait 96, domin AMD ta liƙa masa ƙarin faifai mai megabait 64 a kan 32 ɗin da yake da su. Kamar mai randa babba ne a ɗaki da mai 'yar tulu: mai tulu ko ya fi sauri a ƙafa, shi zai fi yawan zuwa rijiya. Shi ya sa a gwaje-gwajen da aka wallafa 9800X3D ya sha gaban i9 a mafi yawan wasanni, a wasu ma da tazara mai faɗi, duk da gigahaz ɗinsa bai kai ba.

Sai dai na ja hankalin yaron a kan wani abu da masu kallon bidiyon gwaji kan tsallake. Masu gwajin nan a lokacin da babban kati RTX 4090 suke yi, a kan allon 1080p, da gangan, don nauyi ya koma kan furosesa a ga bambanci. Shi katinsa bai kai wancan ba, allonsa kuma ya fi wancan nauyi. A manyan wasanni masu kyan hoto katinsa ne zai fara gajiya, furosesa ko wanne ne zai zauna jira, tazarar ta tsuke har ido ya kasa rabewa. Inda za ta ci gaba da fitowa shi ne irin su Counter-Strike 2 da Warzone da Microsoft Flight Simulator, da kuma lokacin da hoto kan ɗan cije idan wuri ya cika da abokan gaba. Wasannin nan su yake bugawa, saboda haka maki ɗaya ya tafi wajensa, amma ban ɗauke shi makin da zai raba gardama ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A allo mai 165, hoto ɗaya milisakan 6 ne da ɗoriya kaɗan. Sabobin yawancin wasannin nan, wato manyan kwamfutocin da 'yan wasa ke haɗuwa ta kansu, suna Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu, kuma daga nan saƙo kan haura milisakan 100 kafin ya je ya dawo, musamman a layin waya. Mai neman a daina kashe shi a Warzone ya fara duba layin intanet ɗinsa kafin furosesa. Wannan ban saka shi a ma'auni ba, tunda ya shafi biyun daidai wa daida.

Ɗakin da za a ajiye ta

Tambayar da ta juya lamarin ita ce ina kwamfutar za ta zauna. Ɗakin samari ne a zaure na biyu, rufin kwano da silin, taga ɗaya, fankar sama, babu na'urar sanyaya ɗaki. Duk wanda ya yi Afrilu da Mayu a Sakkwato ya san zafin rana kan wuce digiri 40, ya kuma san irin wannan ɗaki ba ya hucewa sai dare ya yi nisa, don bango yana riƙe da zafin yini.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, na'urar sanyaya furosesa ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafi take kwashewa ta zuba a iskar ɗaki, ko ta fanka ce ko ta ruwa. In iskar ɗaki ta ƙaru da digiri 15, furosesa ma zai ƙaru da kusan digiri 15. Masu gwaji a Turai da Amurka a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 suke aiki. Furosesan da suka ga ya tsaya a 85 a can, a ɗaki mai 38 ko 40 ya kai 100. Iyakar i9-14900K kuwa 100 ce cif, daga nan sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace. Intel ta rubuta masa wat 125 a matsayin tushe, amma in aiki ya yi nauyi an yarda ya ja har 253, kuma madabod da yawa a farkon fitowarsa sun sake masa linzami yana wuce 300. Ko a ƙasashe masu sanyi sai da babbar na'urar ruwa mai fanka uku, ta milimita 360, ake iya riƙe shi a cikakken aiki. A ɗakin Mabera za a biya kuɗin gigahaz 6.0 ne a riƙa samun abin da bai kai ba, daga Maris har ruwa ya sauka.

9800X3D an rubuta masa wat 120, iyakar abin da yake ja a tsarin asali 162, iyakar zafinsa 95. A wasa ba ya ma kusantar wannan. Akwai kuma gyaran da AMD ta yi a wannan zubin: a 7800X3D da ya gabace shi ƙarin faifan ma'ajiya a saman ƙwayoyi yake, ya shiga tsakaninsu da na'urar sanyayawa, yanzu kuwa an mayar da shi ƙasa, ƙwayoyin suka koma kusa da murfi, zafi ya fi saurin fita. Na'urar fanka mai hasumiya biyu ta ishe shi.

Wannan batu na fanka da ruwa ba ƙarami ba ne a garinmu, ni dai a ganina. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin komai, kuma haƙarƙarin na'urar ruwa matsattsu ne, ƙura na toshe su da wuri. Tana kuma da famfo, famfo na mutuwa, ruwan ciki yana raguwa a hankali, zafi na ƙara hanzarta hakan. In ta mutu sai an aiko da wata daga Legas ko Abuja. Ta fanka ƙarfe ce da bututun tagulla, abin da zai lalace a jikinta fanka ne kawai, shi kuwa ana samunsa ko'ina. A hura ta da bulowa, ta koma sabuwa.

Kada a manta kuma duk wat ɗin da kwamfuta ta ja zafi yake komawa, a cikin ɗakin da mutum ke zaune. Katin hoto shi kaɗai wat 220 ne.

Batir

Gidan yana da sola da inbata mai bolt 24, da batir biyu masu bolt 12 da amfiya 200 kowanne. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 janareta ya zama na lalura, ba na wasa ba, kuma wan ya faɗa ƙarara cewa ba za a tayar da shi don yaro ya harbi mutane a allo ba. Yaron kuma da dare yake wasa, bayan rana ta faɗi. Ke nan in babu wutar gari, a kan batir za a hau.

Lissafin da na yi musu a bayan rasit mai sauƙi ne. Batir biyun sun tara wat-awa 4,800, amma irin wannan batir mai ruwa in ana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, saura 2,400. Katin hoto 220, allo da madabod da fankoki da sauran tarkace a ƙiyasta 90. Furosesa a lokacin wasa na ƙiyasta 80 ga Ryzen, 150 ga i9, bisa abin da gwaje-gwaje suka saba nunawa. Jimla 390 da 460. In ka raba, na farko zai ba da awa shida da 'yan mintuna, na biyu awa biyar da 'yan mintuna, tun ba a cire asarar inbata da firji da fankokin cikin gida ba. Awa guda ke nan a kowane dare, ko kuma batir ya riƙa zurfafa shan da zai rage masa kwana. Nan ne wan ya gyara zama, don shi ya sayi batiran kuma ya san nawa ya biya.

Inda i9 yake da gaskiya

Da wasa kaɗai ake yi da an gama. Amma kwamfutar nan ita za ta ciyar da mai ita, kuma bayan ƙaramar Sallah bukukuwa ke jere. A aikin da ke cika duk ƙwayoyi, i9 ya yi wa 9800X3D nisa ba kaɗan ba. A gwajin Cinebench R23 yakan kawo maki wajen 40,000 in an sanyaya shi yadda ya kamata, Ryzen ɗin kuma wajen 23,000. Maganar batir ma a nan ba ta cika cutar da shi ba, don ko da yake yana ja da yawa, yana gamawa da wuri. Bayan haka akwai Quick Sync, wani sashe a jikin furosesan Intel mai warware bidiyo, wanda ke iya karanta tsarin bidiyo mai nauyi na HEVC mai bit 10 da tsarin launi 4:2:2. Katunan RTX 40 ba sa iya wannan, sai a zubin RTX 50 Nvidia ta ƙara shi. Mai ɗauka da kyamara irin Canon R6 a wannan tsari zai ga bambanci ƙarara wajen ja da baya da gaba a manhajar tace bidiyo irin Premiere Pro ko DaVinci Resolve.

Sai na tambayi yaron da wace kyamara yake aiki. Sony A7 III ce, ta haya ma. Ita a cikinta da tsari mai sauƙi na H.264 take ɗauka mai bit 8 da 4:2:0, wanda katinsa ke warwarewa ba tare da wahala ba. Wajen fitar da bidiyo kuma katin yana da nasa sashen, NVENC, shi ke ɗaukar nauyin matse fayil ɗin in an kunna shi a manhaja. Aikinsa yanka ne da jerawa, gyaran launi kaɗan, rubutun sunan ango da amarya, kiɗa a ƙasa, a fitar a 1080p a tura wa masu biki a filasha ko WhatsApp. Babu zane mai motsi, babu hoto mai fuska uku. A irin wannan aiki ƙwaya 16 ɗin nan ƙanana mafi yawan lokaci zaman kashe wando za su yi. Eh, akwai ranar da zai jira ƙarin 'yan mintuna a kan abin da i9 zai ba shi, na kuma faɗa masa haka a gaban wansa don kada gobe a ce ba a faɗa ba.

An ɗan taɓo Ryzen 9 9950X3D, wanda ya fito a watan Maris ɗin 2025 a kan dala 699 da ƙwaya 16 da babbar ma'ajiyar duka. Da wan ya buga lissafinsa a naira, ba a sake ambatonsa ba.

Garanti da hanyar saye

A 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesoshinta na zubi na 13 da 14, musamman manyan irin su i9, suna neman wutar da ta wuce kima har wani sashe a cikinsu ya gaji, kwamfuta ta fara faɗuwa a tsakiyar wasa. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta bayos, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod, ɗaya a Agusta mai lamba 0x129, wani a Satumba mai lamba 0x12B, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti, na cikin kwali ya zama shekara biyar. Wanda ya sayi sabo ya sabunta bayos tun ranar farko yana cikin kariya gwargwado. Amma gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace. A kasuwarmu kuwa, inda tokumbo da sabo ke zama a kanta ɗaya, kuma ake sayar da furosesa tsirara ba kwali, ido ba zai gaya maka wane irin aiki aka yi da shi a baya ba. Garantin shekara biyar kuma yana da daɗin ji, amma mutumin Sakkwato da ya saya a hannun ɗan kasuwa a Ikeja, wanda shi ma a Dubai ya saro, sai ya yi da gaske kafin ya more shi.

Ba Intel kaɗai ta taɓa tuntuɓe ba. A 2023 an samu 7800X3D da suka ƙone a mazauninsu saboda wutar wani sashe ta yi yawa, har AMD ta sa aka ƙayyade ta a bolt 1.3 ta hanyar bayos. An kuma taɓa kama furosesan X3D na jabu a kasuwannin intanet, murfi da rubutu daidai, ciki babu komai. Don haka sharaɗin da na gindaya wa wan ɗaya ne ko wanne aka zaɓa: sabo, cikin kwali mai hatimi, lambar jikin furosesa ta dace da ta kwali, a ɗora shi a madabod a kunna a gabansa kafin ya biya, a karɓi rasit. Tunda shi da kansa yake zuwa Legas, ba a bi ta webil ba.

Abu na ƙarshe mazauni ne. LGA1700 da i9-14900K ke hawa ya zo ƙarshen tafiyarsa, sabbin furosesan Intel da suka fito a Oktoban 2024 mazauninsu daban, LGA1851. AM5 kuwa, mazaunin 9800X3D, AMD ta yi alkawarin ci gaba da yi masa furosesa har 2027 ko fiye. Intel tana da rangwame guda a nan, akwai madabod ɗinta masu karɓar tsohon ram DDR4 mai araha a lokacin, AM5 kuwa sai DDR5. Yaron ba shi da wani tsohon ram da zai ɗora, saboda haka rangwamen bai amfane shi ba.

Wan ya yi shiru, sannan ya ce, «To Injiniya, ke nan babban ba shi son zahi, mu kuwa zahi muka da.» Ya dubi ƙanensa ya ce, «Kai kuma in ka bari karatu ya lalace, ni da kaina zan kai ta kasuwa.»

An ɗauki 9800X3D, da madabod B650 mai maɓallin sabunta bayos ba tare da furosesa ba, don waɗanda suka daɗe a kanti ba sa gane zubin 9000 sai an sabunta su. Ram gigabait 32 DDR5-6000, na'urar fanka mai hasumiya biyu, akwati mai raga a gaba da matatar ƙura da ake zarewa, da tukunyar wuta mai wat 750. Rarar kuɗin da na'urar ruwa za ta ci aka saka a faifan SSD na terabait 2, tunda bidiyon biki ɗaya kan cinye wuri mai yawa. Na ce a ɗora akwatin a kan tebur, kada a ƙasa inda shara ke tashi, a kuma jona shi ta inbata ko da akwai wutar gari.

Kwamfutar ta ratsa Afrilu da Mayu a ɗakin nan. A wasa furosesan bai kai iyakarsa ba, katin hoto ne ma ya fi ɗaukar zafi, har na rage masa wuta kaɗan ta manhaja. Ranar da ake fitar da dogon bidiyo da tsakar rana fankoki kan yi ƙara sosai, sai yaron ya mayar da wannan aikin bayan asuba, lokacin da ɗaki ya huce.

Abin da ya rage a buɗe shi ne kyamara. Yana maganar komawa wadda ke ɗaukar bit 10 da 4:2:2 in kasuwa ta buɗe, kuma ranar da ya yi haka zai ji rashin Quick Sync. Mafita biyu ke gabansa a lokacin: ya riƙa yin ƙananan kwafi masu sauƙi yana tacewa da su, wanda ba ya cin ko kwabo sai lokaci, ko ya sayar da katinsa ya ɗauki na zubin RTX 50. In kuma aikin ya girma har ƙwaya takwas suka yi masa kaɗan, madabod ɗin nan zai karɓi mai 16 ba tare da an taɓa ram ko akwati ba, sai dai a sake duba na'urar sanyayawa, don wancan an rubuta masa wat 170.